Tirishinoz: tsutsar da ke ɓuya a cikin tsokar nama

Nama abinci ne mai gina jiki, kuma kowane gida yana murna ranar da aka ɗora tukunyarsa. Amma naman da bai dahu ba yana iya shigo da cuta cikin gida, ko da launinsa mai kyau ne, ko da ba ya wari. Ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka ita ce wadda likitoci ke kira tirishinoz. Da Hausa muna iya ce mata ciwon tsutsar tsoka, domin tsutsar da ke kawo ta a cikin tsoka take zama, walau tsokar dabba ko ta mutum.

A wannan darasi za mu ga yadda tsutsar take, da dabbobin da ke ɗauke da ita, da alamomin ciwon, da kuma hanyar kare iyali. Babban abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne: ido ba ya ganin wannan tsutsa, gishiri da rana da hayaƙi ba su isa su kashe ta ba. Abin da ke kashe ta shi ne wutar da ta ratsa nama har tsakiyarsa.

Wace irin tsutsa ce?

Sunanta a wurin masana shi ne Trichinella. An ɗauko sunan daga wata kalma ta harshen Girka mai nufin gashi, saboda sirantarta. Macen da ta girma tsawonta kamar milimita 3 ne, namiji kuwa bai wuce rabin haka ba. Mu tuna cewa milimita 10 ne ke yin santimita guda. Ƴaƴan tsutsar, waɗanda su ne ke cikin nama, ba su wuce milimita 1 ba. Kowane ɗa yana nannaɗe a cikin wata ƴar jaka a tsakanin zaren tsoka. Sai da madubin likita mai girmama abu ake ganinsa.

Masana sun gano fiye da iri 10 na wannan tsutsa a duniya. Akwai irin da ya fi zama a jikin alade da ɓera. Akwai na ƙasashen ƙanƙara, akwai na namun dawa na Afirka, har akwai wanda ke zama a jikin kada.

Hanyar kamuwa guda ce tak: cin nama ɗanye, ko wanda bai dahu ba, mai ɗauke da ƴaƴan tsutsar da ransu. Ba a ɗaukar ciwon ta gaisawa, ko tari, ko cizon sauro. Mai ciwon ba ya shafa wa mai jinyarsa. Idan aka ga mutane da yawa sun kwanta tare, to nama guda suka ci.

Yadda aka gano ta

A shekarar 1835, wani ɗalibin likitanci mai suna James Paget yana aikin binciken gawa a wani asibiti na birnin Landan, a Ingila. Sai ya lura da wasu ƴan fararen ɗigo-ɗigo kamar rairayi a cikin tsokar mamacin. Da ya duba su da madubin likita, sai ya ga tsutsa nannaɗe a cikin kowane ɗigo. Wani masani mai suna Richard Owen ne ya raɗa mata suna a wannan shekara. Amma a lokacin ba a ɗauke ta abin tsoro ba.

Sai a shekarar 1860 aka gane illarta. A birnin Dresden na ƙasar Jamus, aka kawo wata budurwa ƴar aikin gida asibiti da masassara da ciwon jiki mai tsanani. Likitoci suka zaci taifod ce. Bayan ta rasu, wani likita mai suna Friedrich Zenker ya binciki tsokarta, ya iske ta cike da ƴaƴan tsutsar. Bai tsaya nan ba. Ya tafi gidan gonar da take aiki, ya binciki ragowar naman aladen da aka yanka, ya samu tsutsar a ciki. Ya kuma ji labarin cewa wasu da suka ci naman su ma sun yi ciwo. Daga nan aka tabbatar cewa daga nama cutar ke shiga jikin mutum.

A shekarar 1865 annobar ta faɗa wa wani ƙaramin gari na Jamus mai suna Hedersleben. Mutum 337 suka kamu, 101 suka mutu. Irin wannan asara ce ta sa hukumomin Jamus suka fara tilasta duba naman alade da madubin likita kafin a sayar da shi.

Tafiyar tsutsar a cikin jiki

Idan mutum ya haɗiye naman da ke da tsutsar, ruwan ciki mai narkar da abinci yana narkar da ƴar jakar. Ƴaƴan tsutsar sai su fito, su gangara cikin ƙaramin hanji, su kutsa cikin bangonsa. Cikin kwana 2 sun girma. Namiji da mace su haɗu, bayan kamar kwana 5 mace ta fara haihuwa. Ba ƙwai take yi ba, ƴaƴa masu rai take haifa. Mace guda tana iya haifar daga 500 zuwa 1,500 cikin makonni kaɗan, kafin jiki ya fitar da ita.

Waɗannan sababbin ƴaƴa suna shiga hanyoyin jini, jini ya kai su ko'ina. Suna ratsa zuciya da huhu, wani lokaci har ƙwaƙwalwa, amma wurin zamansu shi ne tsoka. Sun fi son tsokar da ke aiki ba hutu: tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda muke numfashi da shi, da harshe, da tsokar muƙamuƙi, da ta ido, da ta tsakanin haƙarƙari. Kowane ɗa ya shiga cikin zaren tsoka guda, ya nannaɗe, jiki ya gina masa jaka. A nan yana iya zama da ransa shekaru.

A jikin dabba ma haka abin yake. Tsutsar tana zaune a tsokarta tana jiran wanda zai ci naman. Ɓera ya ci mushe, alade ya ci ɓeran, mutum ya ci aladen. Kura ta ci mushen dila, ita ma ta mutu, wata dabba ta ci nata. Abin lura shi ne, dabbar da ke ɗauke da tsutsar ba ta cika nuna alamar ciwo ba. Tana kiwo, tana gudu, tana da ƙiba.

Waɗanne dabbobi ne ke ɗauke da ita?

Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk dabbar da ke cin nama ko mushe tana iya ɗaukar tsutsar. A cikin dabbobin gida akwai alade da kare da kyanwa, sai ɓeran da ke tare da mu. A cikin namun dawa akwai kura, da dila, da zaki, da damisa, da aladen daji, da gyado wanda ake ce wa mugun dawa. Gyado ciyawa da saiwa ne abincinsa, amma idan ya samu mushe yana ci. A gabashi da kudancin Afirka an samu tsutsar a jikin kada.

Shanu da tumaki da awaki ciyawa suke ci, saboda haka da wuya ƙwarai a samu wannan tsutsa a namansu. Wannan abin kwantar da hankali ne ga yawancin gidajenmu.

Sai dai doki ya ba likitoci mamaki. Shi ma ciyawa yake ci, amma idan aka gauraya masa abinci da ragowar nama, ko mataccen ɓera ya shiga cikin abincinsa, yana kamuwa. A ƙasar Faransa, inda wasu ke cin naman doki ɗanye ko da ɗan gashi sama-sama, fiye da mutum 1,000 suka kamu a shekarar 1985 daga naman dawakin da aka shigo da shi daga waje. A yau dokar Tarayyar Turai ta tilasta binciken naman doki da na aladen daji kafin a kai su kasuwa. A ƙasashen Sin da Tailan kuma an sha samun masu kamuwa daga naman kare.

Wani lissafi da masana suka tattara ya nuna cewa daga 1986 zuwa 2009 an rubuta mutum 65,818 da suka kamu a ƙasashe 41, kuma 42 suka mutu. Mafi yawansu a Turai suke, musamman ƙasar Rumaniya, kuma naman alade ne babban sanadi.

"Mu ba mu cin alade, ina ruwanmu?"

Wannan tambaya ce da ta dace. Gaskiya ne cewa inda ba a cin naman alade ciwon ba shi da yawa, kuma yawancin mutanen ƙasarmu ba su cinsa. Amma akwai ƙofofi uku da suka rage a buɗe.

Ta farko ita ce naman dawa. A Afirka ta kudu da Sahara, yawancin waɗanda aka tabbatar sun kamu daga naman farauta suka kamu. A shekarar 1961 likitoci suka bayyana labarin wasu samari a gindin Dutsen Kenya da suka kwanta bayan sun ci aladen daji. An samu irin haka a Habasha daga naman gyado. A Aljeriya an samu wanda ya kamu bayan ya ci naman dila. A yankinmu na Afirka ta Yamma, an gano tsutsar a jikin namun dawa a ƙasar Gine. A shekarar 2009 kuma, mutum uku da suka ziyarci ƙasar Senegal sun koma Faransa da ciwon, bayan sun ci kyafaffen naman gyado wanda ba a dafa ba. Irin waɗannan dabbobi, wato gyado da dila da kura, akwai su a dazukanmu.

Ta biyu ita ce naman da ba a san asalinsa ba. Naman da aka niƙa, ko aka yayyanka ƙanana aka zuba masa yaji, ba a gane dabbar da ya fito. Idan mai sayarwa ba shi da amana, yana iya gauraya nama da wani nama.

Ta uku ita ce tafiya. Ƴaƴanmu da ƙannenmu suna zuwa ci-rani, ko karatu, ko fatauci a ƙasashen da abincinsu ya bambanta da namu. Wanda ke ci a bakin hanya bai cika sanin abin da ke cikin tukunya ba, balle wuƙa da katakon da aka yanka namansa da su.

Alamomin ciwon

Ciwon yana zuwa hawa biyu. Hawa na farko yana farawa kwana 1 ko 2 bayan cin naman, lokacin da tsutsar ke cikin hanji. Mutum ya ji ciwon ciki, da zawo, da tashin zuciya, da amai, da kasala. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ɓacin ciki kawai, ya wuce su manta.

Hawa na biyu yana zuwa tsakanin mako 2 da mako 8, lokacin da ƴaƴan tsutsar ke shiga tsoka. Alamominsa su ne:

- masassara mai zafi da ciwon kai;
- kumburin fatar ido da na fuska;
- jan ido da ƙin haske;
- ciwon tsoka, har taunawa, ko haɗiya, ko numfashi su yi wuya;
- ƙaiƙayi da ƙuraje a fata;
- ƴan jajayen layuka a ƙarƙashin farce;
- rashin ƙarfi mai tsanani.

Nauyin ciwon ya danganta da yawan tsutsar da aka ci. Wanda ya ci kaɗan yana iya warkewa ba tare da ya san ya kamu ba. Wanda ya ci da yawa yana iya shafe watanni da ciwon jiki da gajiya. Idan tsutsar ta taɓa zuciya, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa, rai yana cikin haɗari. Alamomin haɗari su ne sarƙewar numfashi, da ciwon ƙirji, da bugun zuciya ba daidai ba, da ruɗewa, da kasa tafiya. Duk wanda ya nuna ɗaya daga cikinsu, a kai shi asibiti nan take.

Wannan ciwo yana kama da wasu da muka saba da su, kamar masassarar cizon sauro, ko taifod, ko mura mai tsanani. Mun ga yadda likitocin Dresden ma suka zaci taifod ce. Abubuwa uku ne idan suka haɗu ya kamata su tayar da hankali: masassara, da kumburin ido, da ciwon tsoka, musamman idan sun kama mutane biyu ko fiye da suka ci nama guda.

Abin da za a yi idan ana zato

A tafi gidan likita da wuri, kada a tsaya sayen magani a kasuwa. A gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya: wane nama aka ci, yaushe, yadda aka dafa shi, da kuma waɗanda aka ci tare da su. Wasu suna jin kunyar faɗin irin naman da suka ci, ko suna tsoron a ce sun yi farauta inda aka hana. Amma wannan bayani shi ne ke nuna wa likita hanya. In babu shi, ana iya yi ta maganin wani ciwo dabam har lokaci ya ƙure.

Likita yana iya sa a yi awon jini. A jinin mai wannan ciwo, wasu fararen ƙwayoyi da ake kira ewozinofil suna ƙaruwa ƙwarai. Akwai wani awon na musamman da ke nuna cewa jiki yana faɗa da tsutsar, amma shi sai bayan makonni yake nunawa, don haka wani lokaci a kan sake shi. A wasu lokuta a kan ɗebi ɗan guntun tsoka a duba.

Maganin da ake bayarwa shi ne albendazol ko mebendazol. Da yawa daga cikinmu sun san su, domin su ne ake bai wa yara na tsutsar ciki. Amma ƙwaya guda da ake bai wa yaro ba ta isa ga wannan ciwo ba. Ana shan maganin kullum har kusan mako 2, bisa ƙa'idar da likita ya tsara. Idan ciwon ya yi tsanani, likita yana ƙara maganin rage kumburi. Mace mai ciki ta sanar da likita halin da take ciki kafin a ba ta kowane magani.

Maganin ya fi aiki tun tsutsar tana cikin hanji. Idan ƴaƴanta suka shige tsoka suka samu jaka, yana da wuya magani ya kai gare su. Shi ya sa idan an tabbatar da ciwon ga mutum guda, sai duk waɗanda suka ci naman su je a duba su, ko da ba su ji komi ba tukuna. Ragowar naman kuwa kada kowa ya ƙara ci, kada a jefa wa kare. A nuna shi ga ma'aikatan kiwon dabbobi.

Abin da ba ya kashe tsutsar

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan kam ido bai san komi ba. Mahaucin da ya fi kowa sanin nama ba zai gane mai tsutsa da marar tsutsa ba.

Gishiri, da shanya a rana, da kyafawa a hayaƙi suna hana nama ruɓewa, amma ba a dogara da su wajen kashe tsutsar. Naman gyadon da ya sa wa mutane ciwo a Senegal kyafaffe ne. Yaji da barkono da lemun tsami ɗanɗano kawai suke ƙarawa.

Sanyin firigo ma ba abin dogara ba ne. Yana kashe irin tsutsar da ke cikin aladen gida idan aka daskarar da siraran yanka na kwana 20 a sanyin digiri 15 ƙasa da sifili. Amma wasu ire-iren da ke cikin namun dawa suna jure sanyi.

Wani abin da ya faru a Amurka a shekarar 2022 ya nuna wannan ƙarara. Wasu dangi suka taru, aka gasa musu naman wata dabbar dawa mai suna beyar, wadda aka harbo a ƙasar Kanada. Naman ya kwana 45 a daskare. Aka soke shi a tsinke tare da kayan lambu, kamar yadda muke yin tsire. Da yake naman mai duhu ne, masu gashi suka zaci ya gasu. Sai da aka fara ci aka lura bai yi ba, aka mayar da shi bisa wuta. Duk da haka mutum 6 suka kamu. Biyu daga cikinsu ba su ci naman ba ko kaɗan, kayan lambun da aka gasa tare da shi kawai suka ci.

Darasi uku ke cikin wannan labari. Sanyi bai kashe tsutsar ba. Launin waje ya ruɗi masu gashi. Kuma abin da ya taɓa ɗanyen nama shi ma yana iya ɗauko cutar.

Abin da ke kashe ta

Zafi ne ke kashe ta. Masana sun ce tsakiyar naman ta kai zafin digiri 71. Ruwa yana tafasa a digiri 100, saboda haka naman da aka yanka ƙanana ya daɗe yana tafasa a miya ya wuce wannan ma'auni. Dahuwar da iyayenmu mata suka saba yi, wadda ake barin nama ya yi laushi, kariya ce babba.

Haɗarin ya fi yawa a wajen gashi. Harshen wuta yana ƙona bayan nama alhali cikinsa ɗanye ne. Babban yanki, da wurin da ke jikin ƙashi, su ne ke jinkirin gasuwa. Tunda ba mu da ma'aunin zafi a gidajenmu, ga abin da za mu yi: a tsaga wurin da ya fi kauri a duba. Idan akwai ja, ko ruwan da ke fita yana da launin jini, to da saura. Idan naman dawa ne, kada a dogara da launi. A yanka shi ƙanana, a dafa shi cikin ruwa ya tafasa sosai, sannan in ana so a soya ko a gasa.

Tsila, wadda muka fi sani

Ko da naman saniya bai cika ɗaukar tsutsar tsoka ba, yana da tasa tsutsar, wato tsila. Saniya tana kamuwa idan ta yi kiwo inda mai tsila ya yi bayan gida. Ƴaƴan tsilar suna zama a naman kamar ƴan fararen ƙwayoyi. Wanda ya ci naman bai dahu ba, tsilar ta girma a hanjinsa har ta kai mita da yawa. Bambancin shi ne, su waɗannan ƙwayoyi ido yana iya ganinsu, shi ya sa ma'aikacin kiwon dabbobi ke tsaga zuciya da harshe da muƙamuƙi a mayanka yana dubawa. Amma ba duka yake gani ba. Ke nan ƙa'ida guda ce ke kare mu daga tsutsotsin biyu. Ta shafi tsire da balangu, ta shafi naman layya da ake bankarewa a jikin wuta. Kilishi ma, gashin da ake yi masa a ƙarshe yana da muhimmanci, kada a taƙaita shi.

Shawarwari

Ga uwargida da duk mai dafa abinci:
- Kada a ɗanɗana nama kafin ya dahu, kada a miƙa wa yaro guntu daga tukunyar da ba ta nuna ba.
- A wanke hannu, da wuƙa, da katako, da turmi ko injin niƙa da ruwa da sabulu bayan an taɓa ɗanyen nama.
- Kada a zuba dafaffen abinci a kwanon da ɗanyen nama ya zauna, sai an wanke shi.
- Busasshen nama da kyafaffe su ma a dafa su kafin a ci.

Ga maharba:
- Kada a ci gashin sauri a daji. Sauri ya haifi nawa.
- Kada a bar mushe ko ragowar fiɗa a fili, kada a bai wa karnukan farauta ɗanye. A ƙona ko a binne da zurfi.
- Idan an ba wani kyautar naman, a gaya masa dabbar da ya fito.

Ga mahauta da masu gashi:
- A yi yanka a mayankar da ma'aikatan kiwon dabbobi ke dubawa.
- Kada a gauraya naman dabbobi dabam-dabam.
- Ko mai saye yana gaggawa, kada a sauke nama sai ya gasu har ciki.

Ga masu kiwon alade, inda ake yi:
- A tsare su cikin garke, kada su yi yawo a juji.
- Kada a ba su ɗanyen nama ko mushe, a kuma yaƙi ɓeraye.

Ga matafiya:
- A tambayi irin naman kafin a saya. Naman da ke da ja a ciki a mayar a ƙara masa wuta, ko a bar shi.

Rigakafi ya fi magani. A nan rigakafin ba ya bukatar allura, ɗan ƙarin itace ne da ɗan ƙarin haƙuri a bakin murhu. Mai karatu ya isar da wannan bayani ga mutanen gidansa, da mahaucin unguwarsu, da duk maharbin da ya sani.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Ta wace hanya tsutsar tirishinoz ke shiga jikin mutum?
2. Me ya sa kura da gyado ke iya ɗaukar ta, amma da wuya a same ta a jikin tunkiya?
3. Waɗanne alamomi uku ne idan suka haɗu ya kamata a hanzarta zuwa gidan likita?
4. Wane irin naman dawa ake ci a yankinku, kuma yaya ake dafa shi?
5. Idan mutum uku a gida guda suka kwanta bayan sun ci nama guda, me za ku shawarci maigidan ya yi?